Mai Tare wa Wasu Iska

Shekara tara Azieb tana tseren keke, amma ba ta taɓa isa layin ƙarshe ba sai an gama tafi, masu ganga sun fara naɗe kaya. Kada ka ce raguwa ce, wallahi ba haka ba ne. Aikinta ke nan a ƙungiya. Ita ke shiga gaba ta tare iska, gwanar ƙungiya ta laɓe a bayanta tana adana ƙarfi, har su kai wata kwana da ke kilomita biyar kafin Asmara. A nan Azieb za ta kaɗa gwiwar hannu ta kauce gefe, gwana ta fice a guje. Ita kuma ta lallaɓa ta ƙarasa da ɗan numfashin da ya rage mata. Gwanaye uku ta yi wa wannan hidima. Ta yanzu sunanta Shewit, 'yar shekara ashirin, doguwa, ga baki kamar rediyo.

Su biyar ne a ƙungiyar, kuma sunan gidan burodin Aboy Habtu ne a ƙirjin rigunansu, don shi ke ɗauke da su. Ana gobe tsere ya tara su a bayan shago, ya yanka musu burodin himbasha mai zafi, shi kuwa ko loma bai kai baki ba.

"'Ya'yana, fulawa ta yi tsada," in ji shi. "Tsere huɗu aka sa muku bana, uku an soke saboda babu kuɗi. Saura na gobe, shi kaɗai za a nuna a talabijin. Akwai wani mai sayar da siminti da ya ce in ya ga rigar nan ta zo ta ɗaya zai kama mini. In bai gani ba, to ku yafe ni, na kai iyakata."

"Aboy, ka ce ya tanadi alƙalami," in ji Shewit, bakinta cike da burodi. "Tsohuwarmu za ta kai ni kwana, sauran kuma nawa ne."

"Wa kike kira tsohuwa, ke mai ƙafar raƙumi?" Azieb ta ce, aka kwashe da dariya. Amma shekararta talatin da uku. In ƙungiyar nan ta watse, yaran za su sami wajen zuwa, ita kam babu mai ɗaukar ta.

Da safe aka tashe su daga Gahtelay, can gindin dutse, inda tun hantsi kwalta ke turiri. Mata arba'in da ɗoriya. Wanda bai taɓa hawan hanyar nan ba ba zai gane ba. Hawa ne da ba ya ƙarewa, kwana kan kwana, dutse a hannu ɗaya, a ɗaya hannun rami wanda in ka leƙa sai jiri ya kwashe ka. Birai na zaune a bakin hanya suna kallon mutane kamar su suka biya kuɗin tseren. Kafin a wuce garin Ghinda rabin matan sun zube baya. Motar ƙungiya, wata tsohuwar akwala da aka aro, lagiretonta ya tafasa, mai horar da su Kiflom ya tsaya yana yi mata fifita da hula. Shi ke nan, babu ruwa, babu keken canji.

Azieb ba ta ma san an yi ba. Tana gaba, kai a sunkuye, Shewit na manne da tayarta, mata shida na wasu ƙungiyoyi na biye. Sun ɗan haura garin Nefasit ke nan sai ta ji ƙas! Sarƙar keken Shewit ta tsinke.

Ba ta tsaya tunani ba. Ta ja birki, ta diro, ta tura wa yarinyar kekenta. "Hau! Maza!"

Shewit ta haye, ta danna ƙafa a feda. Takalmi ya zame. Ta sake dannawa, ya sake zamewa. Ka ga, takalmin tsere yana da maƙalli a ƙasa da ke shiga feda ya kama. Su kuwa kayansu duk na tsince-tsince ne, wannan wani ɗan uwa ya aiko daga Italiya, wancan daga Jamus, maƙallin wannan ba ya shiga fedar wancan. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa gwadawa. Azieb ta durƙusa za ta kwance nata takalmin.

Shewit ta ce, "Haftey, yayata, kin haukace? Ƙafata arba'in da ɗaya, taki talatin da bakwai! A hanci zan sa shi?"

"To ya za mu yi?"

Shewit ta sauko ta cusa mata keken a ƙirji. Hawaye na zuba, amma masifa take yi. "Ke za ki tafi!"

"Ni? Ni ba na..."

"Ga su can suna tafiya da burodinmu! Ki hau ko in mare ki, na rantse da Maryam!"

Azieb ta hau. Ba ta san yadda ake tsere don kai ba, saboda haka ta yi abin da ta iya. Ta sa a ranta cewa yarinyar na bayanta, kuma dole ta kai ta kwana. Ta kamo mata shidan nan a cikin kilomita uku. Da ta iske su ba ta laɓe a bayan kowa ba, ina ta saba? Ta zarce gaba ta tare iska, su kuma suka yi layi a bayanta suna murna sun sami bebiyar jakar da za ta yi musu dako.

Sai suka shiga gajimare. A wannan dutse gajimare ba a sama yake ba, a kan hanya yake kwana. Komai ya yi fari fat, sanyi ya ratsa rigar da gumi ya jiƙa. Ba ta ganin rami, ba ta ganin dutse, sai ɗan farin layin kwalta da tayarta ta gaba. A kunnenta kuwa numfashi ne, huu, huu, kamar zugazugin maƙeri. Ta ce a ranta, kai, wannan ta bayan nawa akwai naci. Ta ƙara giyar keke. Numfashin bai rabu da ita ba. Ta sake ƙarawa. Cinyoyinta na ci da wuta, bakinta ya bushe har harshe na manne wa dasashi, gorarta babu ko ɗigo. Ita dai a kai kwana, a kai kwana.

Ga kwana ta zo, da dutse mai farin fenti da ke alamarta. Jikinta bai nemi shawararta ba. Gwiwar hannu ta kaɗa da kanta, keke ya kauce gefe, ƙafafu suka sassauta. Ta bar hanya a wuce.

Ba wanda ya wuce.

Ta sake kaɗa gwiwa, har da ɗan tsaki. Shiru. Sai ta waiwaya.

Allah mai iko! Ashe ta fito daga gajimaren ba ta sani ba. Rana tar a kanta, sama shuɗiya. A ƙarƙashinta gajimare ya shimfiɗu fari har iyakar gani, kawunan duwatsu sun leƙo ta cikinsa, hanya ta fito daga farin nan tana murɗawa har zuwa tayarta, kuma babu kowa a kai. Babu keke ko ɗaya. Numfashin da take ta gudu tun ɗazu nata ne. Tsigar jikinta ta tashi. Tsoro ya kama ta, irin wanda ke kama mutum in ya shiga babban coci shi kaɗai, har ta yi alamar gicciye. Ita ce ta yi wannan? Da waɗannan ƙafafun?

Wata tsohuwa mai jaki a bakin hanya ce ta farkar da ita. "Ke 'yar nan, wa kike jira? Ko mijinki ne a baya? Tafi mana!"

Kilomita biyar ɗin nan ta bi su sau ɗari, amma ba ta taɓa ganin su da mutane ba. Ashe haka ake cika! Mata cikin fararen mayafai suna rangaɗa guɗa, suna watsa mata gugguru har yana maƙalewa a hular kwano. Maza na bin ta da gudu suna kiran sunan gidan burodi, don ba wanda ya san nata sunan. Ta tsallake layi hannu biyu a kan keke, ba ta ɗaga ko ɗaya ba. Ta biyu ba ta iso ba sai bayan minti huɗu.

Aboy Habtu ya zauna daɓas a gefen titi yana kuka da hularsa a fuska, mai siminti na bubbuga masa kafaɗa yana cewa a kawo takarda. Azieb kuwa ta ƙi zuwa wajen karɓar kofi, ta kafe a bakin layi har aka sauke Shewit daga motar kwasar waɗanda suka gaza.

"Ki yi haƙuri," Azieb ta fara, "da na duba fedar nan tun..."

Shewit ta ƙwanƙwashe ta a hula. "Haƙurin me? Minti huɗu, haftey! Ni a rana mafi kyau ban taɓa ba su minti ɗaya ba. Shekara tara kina da wannan ƙafa, kika zauna kina yi mana dako?"

Daɗi ya cika Azieb, baƙin ciki kuma ya taso mata, na shekarun da ba za su dawo ba.

"Kullum a kwana ake cewa in kauce," ta ce a hankali. "Ba wanda ya taɓa ce mini in ci gaba."