Bawul na Arba'in da Biyu

Saura kwana tara Baba Injiniya ya yi ritaya daga ma'aikatar ruwa, kuma duk garin babu wanda ya san inda bawul ɗin manyan bututai suke sai shi. Bawul kuwa shi ne makullin da ake murɗawa a tsayar da ruwan unguwa idan bututu ya fashe. Guda ɗari da sha biyu ne, duk a binne. Taswirarsu ta ruɓe tun shekarar da rufin ofis ya yi yoyo. Aka ce za a sake zanawa, to, har yau ana kan sake zanawar.

Shi ya sa kullum da safe yake saɓa sandar ƙarfen murɗa bawul, ya tasa sabuwar injiniya a gaba, su shiga gari a ƙafa. Ita kaɗai ta rage masa. Matasan da suka zo kafin ita, wani ya koma kamfanin waya, wani ya haye jirgi, wani ma takalma yake sayarwa, kuma wallahi ya fi Baba ƙiba.

"Tsaya nan, 'yata. Daga bakin kwatar nan, taku shida wajen gabas."

"Takunka ko nawa, Baba?"

"Ji min yarinya da tsiya! Nawa mana. Ke ƙara biyu, saboda gajartarki."

Sai ta yi dariya, ta auna da tef, ta rubuta a littafi. Wani bawul ɗin an malala kwalta a kansa, wani kuma a ƙarƙashin kujerar mai aski suka tono shi, mai askin yana ta mita da almakashi a hannu. In Baba ya yi jim, ita ke zungurarsa da tambaya: wace shekara aka binne? Wa ya haƙa ramin? Daga nan sai abin ya faɗo masa. A haka suka kai arba'in da ɗaya.

Ranar Alhamis manaja ya kira su ofis, ya miƙa mata takarda. Hedkwata ke nemanta. An kafa kwamitin da zai ƙididdige yawan injiniyoyin da za a buƙata nan da shekara ashirin, kuma ana son matashiya a ciki.

"Ai ci gaba ne," in ji manaja. "Gobe za ki tafi, Litinin za ki fara."

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, wane lissafi kuma? Ni ga ni ina buƙatar guda ɗaya yau ɗin nan! A bar min ita mako ɗaya."

"Daga sama aka ce, Baba."

"To ni a ƙara min wata guda kafin ritaya. Ko kyauta ne zan yi."

"Doka ba ta ba ni wannan ikon ba. Ka zauna ka rubuta sauran mana."

Rubutawa! Kamar abin a kansa yake jere. Shi fa sai ya tsaya a wurin, ya dubi gini, ya tuna wanda ya riƙe shebur, sannan ƙafarsa ta kai shi. Ya buɗe baki zai bayyana, ya ga manaja har ya ɗauki waya.

A bakin ƙofa ta ba shi littafin da hannu biyu, idonta ya kawo ruwa.

"Baba, ka yafe ni. In na ƙi zuwa, aikin ma gaba ɗaya..."

"Je ki, 'yata, Allah ya yi miki albarka. Ba laifinki ba ne."

Washegari ya fita shi kaɗai, sanda a kafaɗa, littafi a hammata. Na arba'in da biyu shi ne na layin asibiti, a mahaɗar da aka mayar shataletale bara. Ya tsaya a gefen titi ya duba. Shagon mai faci da yake kwatance da shi an rushe. Turken lantarkin an matsar da shi, amma daga ina? Ya taka zuwa hagu, ya dawo. Ya buga sanda a kwalta nan, ya buga can, duk ƙara iri ɗaya. Ya jira a tambaye shi wa ya haƙa ramin, babu mai tambaya. Wanda ya nuna masa wurin kuwa ya shekara goma sha biyar a ƙasa.

Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Ranar da bututun nan ya fashe, haka za a tsaya ana kallon ruwa yana malala, asibiti babu ko ɗigo. Ya buɗe littafin ya rubuta 42, biro ya tsaya cak.

Motoci suka fara yi masa hon. Wani direban tasi ya leƙo ta taga.

"Haba Baba, a ba mu hanya mana! Wani abu ka yar ne?"

"Yana nan ƙasa," in ji Baba. "Wallahi jiya ma na san inda yake."