Kwakwar Gwaggo Kashibai

Ranar baikon jikarta, Gwaggo Kashibai mai sayar da kifi ta tare tasina da kwando biyu. Surukai za su ci abinci da azahar a gidan ango, can kudancin Mumbai, ita kuma ta yi alkawarin kifin. Tsohuwar hanya ta cushe, sai na ce mu bi sabon ramin da aka haƙa a ƙarƙashin teku.

Sai ta sa na tsaya ta sayi kwakwa. Masunta irinsu ba sa shiga teku sai sun jefa masa kwakwa.

Na ce, "Gwaggo, ai ba shiga za mu yi ba. Ta ƙarƙashi za mu wuce."

"To wanda ya shigo maka gida ta ƙarƙashin gado ba sai ya yi sallama ba? Ja mota, Dattaram, ka cika surutu."

Da muka kai tsakiyar ramin ta ce in tsaya. Na ce doka ta hana. Ta sauke gilashi, ta leƙa, ta ga ba ruwa ko'ina sai siminti da fitilu.

"Ina tekun?"

"Yana bisa kanmu."

Sai ta cilla kwakwar sama da iya ƙarfinta. Ta daki rufin, ta dawo kan motar 'yan sandan da ke bayanmu.

A bakin fita wani ɗan sanda daga motar ya tare mu, riƙe da kwakwar a fashe. Na fara ba shi haƙuri, bai ko dube ni ba. Ashe shi ma ɗan masunta ne.

Ya ce, "Inna, fasasshiya za ki ba teku? Kuma ma bai karɓa ba, ni na karɓa."

"To ɗana, ya zan yi? Ƙanƙarar kifina tana narkewa."

Ya daɗe yana tunani. Ni ma haka, don ban san ko kyautar da ta ɓace hanya tana cikin lissafi ba. Can ya sayi wata kwakwar, ya shiga gabanmu da jiniya har bakin ruwa. Gwaggo ta jefa, ya sake shiga gaba, motoci suna darewa.

Mun isa ana shimfiɗa tabarmi. Uwar ango ta leƙo a tsorace, ta ce, "Lafiya, da ɗan sanda?"

Gwaggo ta miƙa mata kwando. "Teku ne ya haɗo ni da shi. Ɗora mai a wuta."