Kwamfutar Malam Isyaku

"Gyara mini matashin nan, Nana Hauwa, sai ki sake dannawa mu ji," in ji Malam Isyaku, yana tari.

Ta gyara masa, ta danna. Kwamfutar ta yi magana da muryarsa: "Iyayen yara, gobe babu makaranta." Ya yi dariya har tarin ya sarƙe shi.

Maƙwabcinsu ne a Dukawuya, katanga ɗaya ta raba gidajen. Sana'arsa gyaran kwamfuta, amma wata bakwai ke nan duk Asabar yana zuwa makarantarsu, ba ko sisi, yana koya wa 'yan mata biyar, har da ita, haɗa manhajar waya. Manhajar za ta riƙa karanta wa iyayen da ba su yi boko ba saƙon makaranta da Hausa, iyaye irin mahaifiyar Nana Hauwa, wadda sai ta aika maƙwabta neman mai karanta mata takarda. Ranar Litinin ta mako mai zuwa za su nuna aikin a gaban hukumar makaranta, kuma kaf ɗinsa yana cikin kwamfutar Malam, don babu mai ita a cikinsu.

"Malam, a kwafa mana a filashi mana."

"Ke dai da gaggawa. Bari in miƙe, saura gyara biyu. Ba na sakin aiki ɗanye."

Bai miƙe ba. Ranar Talata da hantsi kuka ya tashi a bayan katanga, kafin azahar an kai shi makwancinsa.

Nana Hauwa ta yi kuka har idonta ya kumbura, amma kwamfutar na ranta, kuma ta tsani kanta saboda haka. Wa zai shiga gidan makoki yana tambayar na'ura? Ta kai kunu, ta kai tabarmi, tana hango kwamfutar a kan durowa, kunya ta ɗaure mata baki. Sai bayan sadakar uku ta durƙusa a gaban matar marigayin.

"Anti Luba, ya ƙarin haƙuri? Dama aikinmu ne a cikin kwamfutar Malam."

"Ayya, 'yar nan. Ai Yaya Ɗalha ya kai an wanke ta jiya. Ya ce kada hotuna da waƙoƙin da ke ciki su bi mamaci kabari."

"Duka aka wanke?"

"Tas, in ji shi."

Alhaji Ɗalha gata ya yi wa ƙanensa, iya saninsa ke nan, kuma duk unguwar za ta sa masa albarka. Nana Hauwa ta yi fushi, fushin ya rasa inda zai sauka sai kanta. Da ta buɗe baki tun ranar farko, da ba a zo nan ba.

Luba ta shiga ɗaki ta ɗauko kwamfutar, ta ɗora mata a cinya.

"Duba mini, ko Allah Ya sa wani abu ya rage. Ko hotonsa guda ɗaya ne."

Nana Hauwa ta kunna. Fuskar ta kawo haske shuɗi, da layin Turanci guda a tsakiya.

"Me ta ce?"

"Sunan mai ita take tambaya."

Luba ta ja mayafinta ta rufe fuska. A tsakar gida mata na ta kankare tukwanen sadaka. Nana Hauwa ta zauna da hannuwanta a gefe, tana kallon ɗan siririn layin da ke ƙyaftawa a cikin akwatin rubuta suna, inda babu komai.