Takalman Baba Kunne

A wurin fasa dutsen nan babu wanda ya san sunan yankan Baba Kunne. Shekara ashirin da shida yana tsaye a gefen injin tsaga, kuma aikinsa guda ɗaya ne tak: ya saurara.

Ga yadda abin yake. Idan ana son a ciro ƙaton dutse lafiyayye, irin wanda ake yankawa a goge a shimfiɗa a manyan gidaje, ba a fara masa da nakiya, don sai ya tsattsage. Sai an raba shi da uwar dutse tukuna. Injin zai huda rami mai zurfin gaba uku, a matsa kaɗan a huda na biyu ya ci gefen na farko, na uku ya ci gefen na biyu, har ramukan su haɗe su zama doguwar tsaga guda. Hamar da ke dukan tana can ƙasa cikin ramin, iska ke tura ta, kuma a jikinta an ɗaura wani sandan ƙarfe da ake ce wa jagora, wanda ke bin tsohon rami don kada sabon ya kauce. To amma dutse ba sabulu ba ne. Wani lokaci hama takan gamu da jijiya mai tauri ta karkace, jagora ya cije, in kuwa ba a tsaya nan take ba, hama ta zauna a ƙasa ke nan. Kafin haka ta faru dukan yakan canza kaɗan. Wannan canjin Baba Kunne ke kamawa. Da ya ɗaga hannu, sai Dogo, ƙanin matarsa, wanda ke riƙe da injin, ya kashe iska.

Abin da ba a sani ba shi ne, shekara uku ke nan rabon Baba Kunne da jin wannan canjin. Kunnen dama ne ya fara tafiya, na hagu ya bi shi a hankali kamar mai rakiya. Duk ƙarar wurin ta koma masa guuu ɗaya, irin ta wanda ya tsoma kai a randa. Magana kam yakan tsinta da na hagu, in an yi ta kusa da ƙarfi kuma yana kallon bakin mai yin ta. Kuma babu wurin da kurma ke ɓuya kamar wurin fasa dutse. Kowa ihu yake yi, kowa da hannu yake magana, in ka ce "iye?" sau biyar ba wanda zai yi maka kallon komai.

Hama kuwa bai taɓa bari ta maƙale ba, domin tun kafin kunnen ya ƙarasa ya lura dukan yana shigo masa ta tafin ƙafa. Silifa yake sawa, tsohuwa, wadda ta siɗe ta koma kamar ganye. In hama tana tafiya daidai, dutsen yakan yi masa kaɗawa mai tsabta a dunduniya. In ta fara karkata sai kaɗawar ta yi tsami ta koma wajen yatsu. Shi ke nan sirrin. Sauran, wato karkata kai da lumshe ido da ɗora yatsa a bayan kunne, don jama'a yake yi.

Matarsa ce kaɗai ta sani, don ita ce ta gaji da kira ta koma buga ƙafa a ƙasa in abinci ya sauka.

"Malam, ka faɗa musu," ta ce da shi wata rana, ta tsaya a gabansa daidai inda zai ga bakinta.

"In faɗa musu me?"

"Abin da ya sa na maimaita maganar nan sau uku."

"Wa ya taɓa ajiye kurma a aikin sauraro? Ke so kike in dawo in zauna miki a tsakar gida?"

"Allah ya kiyaye," in ji ta. "Amma dai ramin ƙarya ƙurarre ne."

Ya yi kamar bai ji ba, abin da ba ya yi masa wuya.

Ana nan sai kamfani ya kawo wata jami'ar kula da lafiyar ma'aikata. Kwana biyu da zuwanta aka sa mata suna Doka. Kada a ɗauki alhakinta, ba muguwa ba ce. Ta tarar da mutum uku a wurin da yatsun ƙafarsu ba su cika goma ba, ta ce daga ranar Litinin duk wanda ba shi da hular kwano da takalmin aiki, to ya tsaya a bakin ƙofa. Mai sito ya raba wa kowa nasa. Takalma ne baƙaƙe masu nauyi, da ƙarfe a baki, ƙasansu ya kai kaurin bulo.

Baba Kunne ya sa nasa ya taka dutse, ya ji kamar a kan katifa yake.

Da aka tashi bai zarce gida ba, ya biya wajen shumeka a bakin titi.

"So nake ka rage mini ƙasansu."

Shumeka ya juya takalmin ya ƙwanƙwasa. "Sababbi ne fil, Baba."

"Na sani. Ka fere su, su koma kamar na silifa."

"Shekarata goma sha tara a nan ana kawo mini in ƙara, yau ne aka kawo in rage." Ya sa wuƙa ya ɗan yanka a gefe, ya leƙa, ya miƙo masa. "Akwai faifan ƙarfe a ciki, saboda ƙusa. In na fere, a kan ƙarfe za ka yi tafiya, kuma duk mai ido zai gane."

Baba Kunne ya karɓi kayansa ya yi godiya.

Ranar Litinin ɗin kuma, kamar an shirya, ita ce ranar da za a fara tsagar wani dutse da Injiniya, shugaban aikin, ya yi wata biyu yana zagayawa yana shafawa. Rami arba'in za a jera. An ɗaura sabuwar hama, wadda aka ce ta fi motar Injiniya tsada. Doka tana tsaye can gefe da allonta, tana bin ƙafafun mutane da ido.

Dogo ya dubi takalman ya yi dariya, ya matso kunnen hagu ba tare da ya san ya zaɓi daidai ba.

"Yaya, yau ka fito ango! Ko in gaya wa yayata ta sa ido?"

"Kama aikinka, ɗan nema."

Aka buɗe iska. Baba Kunne ya tsaya inda ya saba tsayawa, ya karkata kai, ya lumshe ido, ya ɗora yatsa a bayan kunne. Babu komai. Ya danna dunduniya da ƙarfi, ya taƙure yatsu a cikin takalmin, duk a banza. Ya yi tunanin tsugunawa ya dafa dutsen da hannu, amma ga safar hannu mai kauri da ita ma ta zama doka, ga kuma mutum goma sha ɗaya da ba su taɓa ganin ya tsuguna ba. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai ji ba tun yana sabon shiga. Ya dinga addu'a a ransa Allah ya sa dutsen nan ba shi da jijiya.

Rami goma sha shida suka wuce lafiya. Kowanne ya ƙare sai ya gyaɗa kai a hankali, kamar alƙalin da ya gamsu.

A rami na goma sha bakwai ya lura Dogo ya ɗago ya dube shi. Sai ya gyaɗa masa kai. Can kuma mai kula da injin iska ya waiwayo. Masu share garin dutse su biyu suka tsaya da shebur a hannu. Kowa shi yake kallo, kuma ai kullum shi ake kallo, saboda haka ya ƙara lumshe ido ya ƙara karkata kai. Ya fi minti biyu a haka. Sannan bututun da ke riƙe da hamar ya yi wata girgiza da ko makaho zai gani, ya tsaya cak. Dogo ya ja sama, ya ƙi. Ya juya hagu, ya juya dama, ya ƙi. Aka yi ta fama har bayan azahar, daga ƙarshe bututun ya fito shi kaɗai, hama da jagora suka yi zamansu a ƙasa.

Injiniya ya tara su a ofis, wata kwantena mai fanka ɗaya da ba ta juyawa. Baba Kunne ya zaɓi kujerar da zai riƙa ganin bakin kowa.

"Ba wanda ya ji komai?" in ji Injiniya.

"Ni na ji," in ji mai injin iska. "Dukan ya canza."

"Ni ma na ji," in ji ɗaya daga cikin masu shara. "Har na taɓa wannan na ce ka ji?"

"To me ya hana ku magana?"

Suka dubi juna, kamar an tambaye su me ya sa ruwa ke gangara.

"Ranka ya daɗe, Baba bai ɗaga hannu ba."

"Na ce ko kunnena ne ke yi mini ƙarya," in ji mai injin iska. "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Mutum goma sha ɗaya masu lafiyayyun kunnuwa, kowa ya ji, kowa ya tsaya jiran kurma. Sabo turken wawa.

Injiniya bai ko dubi Baba Kunne ba. Mutumin da ya yi shekara ashirin da shida bai ɓatar da hama ba, ba a fara zarginsa rana ɗaya. Ya juya kan Dogo.

"Kai ke riƙe da injin. In Baba bai ji komai ba, to ba jijiya ba ce, kai ne ka danna da ƙarfi ko ba ka daidaita jagora ba. Ka miƙa makulli wajen mai sito."

Dogo ya waiwaya. Ya dubi mijin yayarsa, ba kallon zargi ba, kallon wanda ya amince cewa tunda Yaya bai ji ba, to lallai laifinsa ne. 'Ya'yansa huɗu, matarsa da tsohon ciki. Ya sa hannu a aljihu yana laluben makulli.

Wannan kallon ne Baba Kunne ya kasa ɗauka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Injiniya, bar yaron nan," ya ce, da ƙarfin da ya wuce na ɗakin, don ya daɗe bai san girman muryarsa ba. "Ni ne ban ji ba. Ba na ji. Shekara uku ke nan."



"To da me kake tsayar da injin duk shekarun nan?" Injiniya ya tambaya. Sai da ya maimaita.

"Da ƙafa. Ta tafin ƙafa nake jin dukan. Takalman nan ne suka toshe ni."

Injiniya ya dubi ƙafafun, ya dubi Doka. Doka ta dubi allonta. Wani daga baya ya yi tari. A fuskokinsu Baba Kunne ya karanta abin da suka yanke: tsoho ya yi shekara uku yana caca da hamar kamfani, Allah yana rufa masa asiri, yanzu kunya ta sa yana kame-kame.

Doka ce ta kai shi asibiti da kanta washegari. Aka sa masa wani abu a kunne aka ce ya danna maɓalli duk lokacin da ya ji ƙara. Ya zauna da maɓallin a hannu har ma'aikaciyar ta zo ta karɓa. A hanyar dawowa Doka ta ce masa, a hankali, tana kallonsa, da an ba su abin toshe kunne tun farko da ba a kai ga haka ba, kuma za ta rubuta hakan. Ya ce ya gode. Takardar sallama ta fito ranar Alhamis, da kalmomi masu daɗi a ciki.

Ranar Asabar da hantsi ya je ya mayar da kayan kamfani. Mai sito ya karɓi hular kwano, ya ce takalman kam nasa ne, an riga an rubuta. Baba Kunne ya ce a ba wani, ya ajiye su a kan kanta. Mai gadi ya kawar da kai ya bar shi ya ratsa ta saman dutse da silifarsa, ya yi sallama da mutane.

An kawo aron hama, an soma sabuwar tsaga daga ɗaya gefen. Dogo ne a kan injin. Ba a sa kowa a gurbin Baba Kunne ba, an ce kowa ya riƙa saurara da kansa. Tun daga nesa dukan ya shigo masa ta dunduniya, tsaf, har ya ji daɗi kamar ya gamu da tsohon aboki. Ya tsaya yana shan daɗinsa. Sai kaɗawar ta ɗan yi tsami ta gangara wajen yatsu. Kaɗan ne ƙwarai, irin wanda kunne ba ya kamawa sai nan da minti guda, lokacin da jagora ya riga ya fara cizo.

Ya ɗaga hannu.

Sun gani, kuma sun san abin da yake nufi. Dogo ya kai hannu wajen makunnin iska, ya tsaya, ya karkata kai ya saurara. Ya dubi mai injin iska, shi ma ya saurara ya girgiza kai. Sai Dogo ya janye hannunsa, ya yi wa mijin yayarsa murmushi mai cike da tausayi, ya ɗaga masa hannu shi ma. Masu shara suka ɗaga nasu. Mai injin iska har da cire hula.

Baba Kunne ya riƙe hannun a sama har kafaɗarsa ta gaji, sannan ya sauke. Ya juya ya kama hanyar ƙofa, yana jin hamar tana ƙara karkata a ƙarƙashin ƙafarsa taki bayan taki, har ya sauka daga kan dutsen ya taka yashi.