Ƙugiya Shida a Sito

A ofishin masu zana bututun iska da na ruwa akwai wani littafi da ya auna ɗan Adam kamar yadda ake auna fitila. An rubuta zafin da jikin mutum yake fitarwa in yana zaune, da in yana tsaye yana guga, har da na mai rawa. Kowane kai kuma an yanka masa rabonsa na iska mai kyau, lita kaza a daƙiƙa. A wata biyar da Auta ta yi tana koyon aiki a wurin, ba abin da ya burge ta kamar littafin nan. Takan ce ko ba komai, ba ya tambayar ɗan wane ne kai.

Aikinta ƙirga mutane ne. A ba ta zanen gini, ta bi ɗaki ɗaki tana rubuta yawan waɗanda za su zauna, kwamfuta ta fitar da kaurin bututun da zai kai musu iska. Saura mako guda Babban Injiniya ya sa hannu a takardar shaidarta, wadda in babu ita makaranta ba za ta sallame ta ba, sai aka kawo zanen wani bene mai hawa tara. Can ƙasa, bayan wurin ajiye motoci, ga wani ɗan ɗaki ba taga, an rubuta masa sito. Amma an zana masa famfo da benci da ƙugiyoyi shida na rataye kaya.

Auta ta san ɗakin tun ba a gina shi ba. Shekara goma sha ɗaya innarta tana shara a wani bene irin wannan. A irin ɗakin nan masu shara suke sake kaya, su ci abinci, su miƙe ƙafa tsakanin bokitai da jarkokin maganin wanke bayi. Kullum da ciwon kai Inna take dawowa gida, ta ce ai tsufa ne.

Sai Auta ta rubuta mutum shida. Bututu ya fito, ya ratsa rufin wurin motoci, ya shiga ɗakin.

Baba Mai Zane, dattijon da teburinsa ke kusa da nata, ya leƙo ta saman tabarau.

"'Yar koyo, yanzu tsintsiya ma numfashi take yi?"

"Baba, ƙugiya shida ce. Tsintsiya ba ta rataye mayafi."

"To, Allah ya ba ki sa'a. Ni dai ban ga komai ba, idona ya tsufa."

Kashegari Babban Injiniya ya kira ta. Mutum ne mai taushin murya, bai taɓa yi wa kowa tsawa ba.

"Bututunki ya yi kyau, 'yata. Sai dai ya sauko da rufin wurin motoci taku ɗaya, mai ginin kuwa motarsa doguwa ce, za ta taɓo shi."

"Ranka ya daɗe, mutane za su zauna a ɗakin."

"Me aka rubuta a zane?"

"Sito."

"To, zane muke yi wa aiki. In sun ji zafi sai su bar ƙofa a buɗe."

"Ai motoci ƙofar take kallo, ranka ya daɗe. Hayaƙi za su shaƙa."

Ya yi murmushi, ya ja aljihun tebur kaɗan har ta hango takardarta, ya mayar ya rufe.

"Ki je ki gyara. Ba na sa hannu ga wanda ya bar min aiki a tsaye."

Ta koma ta zauna. Iskar ofis tana sauko mata daga rufi, mai sanyi, daidai rabonta. Ta buɗe littafin nan tana neman shafin da ya yi maganar mutanen da ba a rubuta su ba. Ta bi shi har bangon baya, babu. Ta tuna cewa tsintsiyar Inna ce ta kawo ta kujerar nan, kuma in ta koma ba takarda, shekara guda Inna za ta ƙara a kan tsintsiyar.

Ta goge shida, ta sa sifili. Bututun ya ɓace nan take, ko alama bai bari ba.

Baba Mai Zane bai ɗago kai ba.

"Ku kam an hutar da ku," in ji shi. "Mu a zamaninmu da roba muke goge mutane, sai ka hure burbushin daga kan takarda."

Ranar Juma'a aka miƙa mata takardarta a cikin ambulan. A kan matakala ta tsaya ta buɗe. Sama da sa hannunsa, Babban Injiniya ya ƙara layi ɗaya da biro: yarinya ce mai saurin fahimtar aiki.