Gaiwa a Ƙarƙashin Laka

Lokacin nasara na nan, Diffa ba ta wuce 'yan gidaje a bakin kogin Komadugu ba. Ni magini ne. Rufa'i, wani ɗan kasuwa daga Damagaram, ya kira ni in gina masa kanti kafin damina. Ya ce ga laka nan kusa, a tabkin da ya ƙafe bayan gari.

Na san tabkin. Duk shekara kogi kan cika ya malalo cikinsa, in ya janye sai gaiwa ta shige laka ta kwanta. Da gaiwar nan Ya Kellu, wata tsohuwa da mijinta ya rasu, da maƙwabtanta ke yin miya in rumbu ya yi ƙasa. In muka yi tubali da lakar, mun kwashe musu kifin bana da na baɗi.

Ban yi masa gardama ba, mai dukiya ba ya son a koya masa. Na ce mu je ya zaɓi lakar da kansa.

Da hantsi muka isa. Ƙasa ta tsattsage, zafi na rawa a kanta kamar ruwan ya dawo. Balbela ɗaya na tsaye a tsakiya, tana jiran abin da sai bayan wata uku zai zo. Ya Kellu na zaune gindin goruba.

Ta ce, "Babagana, baƙon da zai cinye mana tabki ke nan?"

"Gani ya zo yi, Ya Kellu. Ara mini ƙwaryar ruwanki."

Na nemi ɗan rami kamar na yatsa, irin wanda gaiwa ke numfashi ta cikinsa, na haƙo curin laka, na sa a ƙwaryar. Muka zauna. Lakar ta narke a hankali. Can sai wani abu ya motsa, ya miƙe, ya leƙo ya ja numfashi kamar tsohon da aka tasa daga barcin rana.

Rufa'i ya daɗe yana kallo. "Tun yaushe take ciki?"

Na ce, "Tun da ruwa ya tafi."

"Ba ci, ba sha?"

Ya Kellu ta ce, "Jira take, Alhaji. 'Yan uwanta na ƙarƙashin takalminka."

Ya ɗaga ƙafa, ya rasa inda zai sauke ta.

"Ina kuma ake samun laka?"

Na ce, "Akwai nisa. Jaki sawu biyu zai yi a yini. Ruwan farko zai iske kantinka ba rufi."

Ya dubi tabkin har balbelar ta tashi.

"To, a nemo jakuna."

Ya Kellu ta jawo ƙwaryarta. "Wannan kam, tunda kun tashe ta, ta tukunyata ce."