Numfashin Aro

Mutumin kamfanin faifai ya saurari waƙa uku, sannan ya ɗaga hannu, na tsayar da sautin.

"Muryar tana nan," ya ce. "Ina numfashinta?"

Na ce na share. Haka ake yi yanzu, kuma ban yi shekara huɗu ina karanta haɗa sauti don a koya mini aikina a tsaye ba.

"Ke 'yar boko, tun ba a haife ki ba mutane ke sayen faifan Kurciya saboda jan numfashin nan da take yi kafin ta hau sama. Wannan kamar na'ura ce ke waƙa. Ki mayar. Zan dawo ranar Alhamis, in haka na tarar, albam ɗin ya shiga durowa ke nan."

Kurciya mahaifiyata ce. Albam goma sha ɗaya ta yi na R&B, waƙoƙin soyayya masu sanyin kiɗa. Wannan ne na goma sha biyu, likita kuma ya riga ya gaya mana ba za a yi na goma sha uku ba. Huhunta na hagu ya daina aiki tun bara. Daga ni sai ita sai likitan muka sani. Kamfani ba ya tallata marar lafiya, Mama kuwa ta ce gara ta mutu da a sayi muryarta don tausayi.

Wata biyar muka yi a situdiyon nan mu biyu. Ta rera kalma huɗu, ta zauna ta huta, ni kuma in yanka in haɗa. Tsakanin kowane yanki ƙirjinta na yin fito kamar butar shayi a kan wuta. Abin da na share ke nan.

Ranar Litinin na nemo tsofaffin fayafayanta don in ɗebo numfashi, na tarar duk ganga da jita sun manne a jikinsa. Na gwada tace fiton daga sabuwar ɗaukar, ya fita tare da numfashin. Da rana Mama ta shiga ɗakin ɗaukar murya da kanta. Ta ja numfashi sau arba'in, ko ɗaya bai fito da tsabta ba. A na arba'in da ɗaya ta jingina da soson bango ta sulale ƙasa.

Na ɗaga ta na kai ta kujerata, na sa mata abin sauraro a kunne, na nuna mata jan maɓallin ɗauka. Ni kuma na shiga na tsaya gaban makirfo.

"Me za ki yi a nan?"

"Gurbi ɗari biyu da goma sha huɗu ne, Mama. Zan cike su da numfashina."

Ta dube ni ta cikin gilashin da ya raba mu, sannan ta danna.

Na ja na farko.

"Wannan na wadda kare ya biyo ne. Sake."

Na sake.

"Ba ta hanci ba. Ki buɗe baki kamar za ki kira sunan wanda kike jin kunya, sai ki fasa."

"Ba ni da wanda nake jin kunya."

"Ai shi ne matsalar. Ga digiri, babu saurayi."

"Digirin ne ya haɗa miki waƙa tara."

"To digirin ya ja mana numfashi mu ji."

Ta so yin dariya, tari ya tare ta. Na jira ya lafa.

Kowane gurbi da irin nasa: na kafin kuka, na bayan fushi, na wadda ta gaji da jira. Ranar Talata, saboda yawan jan numfashi, yatsuna suka mutu, fitilar ɗakin ta rabu biyu a idona. Na zauna a ƙasa, na ce ta sauko da makirfon, muka ci gaba a haka. Ranar Laraba maƙogwarona ya bushe har ruwa ma zafi yake mini. Sau ɗaya ta ce mu haƙura. Na yi kamar abin kunnena ya lalace.

Ranar Alhamis mutumin kamfanin ya dawo, ya zauna a tsakiyar sifikoki ya rufe ido. Mama tana gefe da jan baki da tabarau, ta miƙe wuya kamar ba ita ce na hau da ita bene a kafaɗa ba. Minti arba'in da biyu. Ina kallon hannunta yana matse gefen kujera, na san tari take dannewa.

Waƙa ta tara ta ƙare. Ya buɗe ido.

"Yauwa. Ko cikin mutum dubu zan gane numfashin Kurciya." Ya juyo gare ni. "Kin gani? Ba komai ake koyarwa a makaranta ba."

Na ce na gani.

Ya sa hannu a takardar, ya ce ranar ɗaya ga wata za a fitar. Yana jan ƙofa Mama ta dunƙule, tarin ya ɓalle. Takunsa bai kai rabin bene ba. Na mayar da waƙa ta farko, na murɗa sautin har ƙarshe don ya rufe tarin, na riƙe kanta a ƙirjina ina leƙen taga har motarsa ta bar layin.